Robert Goddard, Maƙerin Roka

Tun zamanin da mutanen ƙasar Sin sun san roka. Su kan sami gora ko bututun takarda, su ɗura albarushi a ciki, su ɗaure a jikin kibiya, su sa wuta. Sai abin ya tashi fuu, yana feshin wuta ta baya. Cikin ƙarni na 13 har yaƙi suka yi da ita. Daga can dabarar ta bazu zuwa ƙasashen Larabawa da na Turai, ta zama abin wasan wuta a ranakun biki. Shekaru ɗaruruwa suka wuce roka ba ta sake hali ba. Albarushi ne abincinta, ba ta yin nisa, kuma ba mai sanin inda za ta faɗi. Wanda ya fara sake mata hali wani malami ne Ba'amurke, sunansa Robert Goddard.

An haife shi ran 5 ga Oktoba, 1882, a jihar Massachusetts ta Amurka, a wani gari da a ke rubutawa Worcester, amma mutanen wurin Wusta su ke cewa. Ubansa Nahum mutum ne mai son ƙere-ƙere. Da ya ga ɗan ya gado shi, sai ya saya masa madubin duban taurari, da wani na duban ƙananan abubuwa waɗanda ido ba ya iya gani.

Robert yaro ne mai yawan laulayi. Yau mura, gobe tari, jibi ciwon ciki, har tsararrakinsa suka wuce shi da aji biyu a makaranta. Amma kwanciya ba ta hana shi karatu ba. Ya kan aro littattafai daga ɗakin karatu na gari, ya yi ta dubawa, in ya sami sauƙi kuwa sai ya tashi ya gwada abin da ya karanta. Yana da shekara 16 ya ɗauko alminiyam, ƙarfen nan mara nauyi da a ke yin tukwane da shi, ya yi wani balan-balan, ya cika shi da iska mara nauyi, wai ya tashi sama. Abin ya ƙi ko motsi, don ƙarfen ya yi masa nauyi. Robert ya ɗauki littafinsa ya rubuta yadda ya yi, da yadda abin ya ƙi. Wannan hali na rubuta kowane gwaji, wanda ya yi kyau da wanda ya ɓaci, bai rabu da shi ba har ya mutu.

A wannan lokaci ne ya karanta wani labarin ƙaga na wani marubucin Ingila, H. G. Wells, inda wasu halittu suka taso daga tauraron nan ja da a ke kira Mas suka faɗa wa duniya da yaƙi. Labarin ya shiga ransa ƙwarai.

Ran 19 ga Oktoba, 1899, da yamma, ya ɗauki zarto da ɗan gatari ya hau wani itacen ceri a bayan gidansu, don ya sare busassun rassa. Ceri wani itace ne na ƙasashen sanyi, 'ya'yansa jajaye ne ƙanana, ba su fi magarya girma sosai ba. Yana can bisa sai ya dakata da sara, ya tsaya yana duban gonaki. Nan tunani ya zo masa, ya ce a ransa ina ma a ce mutum ya ƙera wani abu wanda zai tashi daga wannan fili, ya yi ta hawa har ya kai Mas. Har ya riƙa ganin abin a zuci, ɗan ƙarami, yana tashi daga cikin ciyawa. Da ya sauko, ya san aikin da zai yi a duniya. Tun daga ran nan, duk shekara in 19 ga Oktoba ta kewayo sai ya rubuta ta a littafinsa, kamar yadda wasu ke tuna ranar haihuwarsu.

Ya gane ba a hawa sama sai da lissafi, saboda haka ya koma makaranta ya dage. Ya gama sakandare a 1904, yana da shekara 21, ya girmi 'yan ajinsu duka, shi ne kuwa aka zaɓa ya yi jawabin ban kwana. Ya shiga kwalejin fasaha ta garinsu ya fita a 1908, sa'an nan ya wuce Jami'ar Clark, ya sami digirin dokta a 1911. A 1913 tarin fuka ya kama shi. Likitoci suka duba suka fid da rai. Shi kuwa bai fid da rai ba. Yana kwance ya riƙa satar sa'a guda kowace rana yana lissafin roka. Ya warke a hankali, ko da ya ke ƙirjinsa bai ƙara komawa daidai ba. A 1914 gwamnati ta ba shi takardun shaida guda biyu, masu nuna cewa shi ne mai wasu dabaru biyu.

Dabara ta fari ita ce roka mai hawa-hawa. Matafiyi in ya shanye ruwan salka ɗaya, ba shi da amfanin ya yi ta ɗaukar busasshiyar fata tana ƙara masa nauyi. Haka roka. In aka ɗora ƙarama bisa babba, babbar ta ƙone abincinta, sai a yar da gangar jikinta, ƙaramar ta kama wuta ta ci gaba da tafiya ba nauyi. Dabara ta biyu ita ce a bar albarushi, a ba roka abinci mai ruwa-ruwa. Za a ga dalilin wannan nan gaba.

To, me ke tura roka? Duk wanda ya taɓa ganin maharbi ya harba bindiga ya san harsashi ya kan yi gaba, bindiga kuwa ta bugi kafaɗarsa ta baya. Haka kuma yaron da ke tsaye cikin kwalekwale, in ya jefa babban dutse baya da ƙarfi, kwalekwalen zai matsa gaba. Wani masanin Ingila, Isaac Newton, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1687. Roka tana jefa hayaƙi mai zafi ta baya da gudun gaske, shi ne ke tura ta gaba. Ƙarfin gudun hayaƙin, ƙarfin tafiyar roka.

Goddard ya koma Jami'ar Clark yana koyarwa, da ɗan albashinsa ya ke sayen kayan gwaji. Ya auna rokokin albarushi da a ke sayarwa, ya tarar kashi 2 kawai cikin 100 na ƙarfin albarushin ke tura roka, saura duk hasara. Sai ya yi musu mafitar hayaƙi ta ƙarfe, mai ƙunci a wuya, mai faɗi a baki, kamar bakin algaita. Nan da nan abin da a ke mora ya haura kashi 60. Ya kuma sami dogon bututu, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya harba ƙananan rokoki a ciki. Mutane da yawa a lokacin suna tsammani roka iska ta ke tokarawa kafin ta yi gaba, watau inda ba iska ba za ta tafi ba. Awon Goddard ya nuna ba haka ba ne. Inda ba iska ma ta fi ƙarfi.

Kuɗinsa suka ƙare. Ya rubuta wa wata hukumar ilmi a birnin Washinton, mai suna Smithsonian, ya bayyana aikinsa. A farkon 1917 suka ba shi gudummawar dala 5,000. Su ne kuma suka buga masa ɗan littafi a 1919, a kan yadda za a aika da kayan awo can ƙololuwar sama, inda balan-balan ba ya kaiwa. Kusan dukan littafin lissafi ne. Amma a wajen ƙarshe ya ambata cewa in roka ta isa girma za ta iya kaiwa wata, in kuwa aka sa mata garin nan mai walƙiya, za a hangi haskensa da madubi sa'ad da ta faɗi.

Masu jaridu suka tsallake lissafin duka, suka kama maganar wata. Ran 13 ga Janairu, 1920, babbar jaridar nan New York Times ta yi masa ba'a. Ta ce roka ba za ta yi tafiya inda ba iska ba, ta kuma ce da alama malamin bai san abin da a ke koya wa yara a sakandare ba. Ga shi kuwa ya riga ya gwada wannan abu da hannunsa, ya auna. Ba'ar ta yi masa zafi. Da ma shi mai kunya ne, ba mai son taro ba. Daga nan ya ƙara rufe bakinsa, ya riƙa ɓoye aikinsa.

Ya koma kan dabararsa ta biyu. Albarushi yana da aibu biyu: ƙarfinsa kaɗan ne, kuma in ya kama wuta ba a iya rage shi, ba a iya kashe shi. Fetur ya fi shi ƙarfi nesa, ana kuma iya buɗe masa famfo ko a rufe. Amma fetur ba ya ci sai da iska. Kifa kwano a kan kyandir, za ka ga ya mutu, don ya cinye wani sashe na iska wanda a ke kira oksijin. Can sama kuwa babu iska. Ashe ke nan dole roka ta tafi da guzurin oksijin nata. In aka sanyaya oksijin ƙwarai, har ya kai digiri 183 ƙasa da sanyin da ruwa ke daskarewa, sai ya zama ruwa, tulu kaɗan ya ɗauki mai yawa. Sai dai aiki da shi da wuya. Yana daskarar da famfo, yana tafasa ya tsere in ya ji ɗumi, in kuma ya gamu da fetur ba bisa ƙa'ida ba sai fashewa. Goddard ya shekara biyar yana fama da wannan. A cikin shekarun nan ne, a 1924, ya auri Esther Kisk, wadda ta zama mai ɗaukar masa hoto da mai buga masa takardu.

Ran 16 ga Maris, 1926, suka ɗauki roka a mota zuwa gonar wata 'yar'uwarsa, Effie Ward, a garin Auburn kusa da Worcester. Ƙanƙara ta rufe ƙasa. Su huɗu ne kawai: shi, da matarsa, da maƙerinsa Henry Sachs, da wani malami abokin aikinsa. Rokar ba ta yi kama da waɗanda a ke gani a hoto yanzu ba. Siraran bututu ne aka harhaɗa, tsawonsu kamar ƙafa 10, ba ko rufi, injin yana bisa, tankunan fetur da oksijin suna ƙasa. Sachs ya ɗaura wuta a kan doguwar sanda, ya miƙa ya kunna, ya ruga ya ɓuya.

Wuta ta kama da ruri, amma roka ba ta motsa ba. Ta yi ta ci a tsaye, har fim ɗin da ke cikin na'urar hoton Esther ya ƙare. Can da man ya ragu, nauyi ya ragu, sai ta ɗaga a hankali, ta fita daga maratayarta, ta ƙara gudu, ta karkata hagu, ta je ta faɗi cikin gonar kabeji. Aka auna. Ta hau ƙafa 41, ta yi nisan ƙafa 184, cikin daƙiƙa biyu da rabi. Hawan bai kai tsawon babbar giginya ba. Duk da haka ita ce roka mai shan ruwan mai ta farko da ta tashi a duniya. Wani malamin makaranta a Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya rubuta lissafin irinta tun 1903, wani kuma, Hermann Oberth, ya buga littafi a Jamus a 1923, amma a takarda nasu ya tsaya a lokacin. Ba jaridar da ta ba da labarin abin da ya faru a gonar, don Goddard bai gaya musu ba.

Ya koma maƙera ya yi wadda ta fi girma. Ya gane sa inji a bisa ba ya hana roka karkata, sai ya mai da shi ƙasa, inda ya ke a rokoki har yanzu. Ran 17 ga Yuli, 1929, ya harba wata mai ɗauke da ma'aunin zafi, da ma'aunin nauyin iska, da na'urar hoto. Ƙararta ta firgita maƙwabta, suka zaci jirgin sama ne ya faɗi. Kafin a jima sai ga 'yan sanda, da motocin asibiti, da masu jaridu. Wata jarida ta rubuta cewa rokar zuwa wata ta kuskure wurin da ta nufa da mil dubu 238 da 'yan kai. Hukumar kashe gobara ta jihar ta hana shi sake harbi a wurin.

Abin da ya zo da kamar tsiya, sai ya jawo arziki. Labarin ya kai kunnen Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman da ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, wanda a lokacin ba wanda ya fi shi suna a Amurka. Cikin Nuwamba, 1929, ya zo gidan Goddard, suka yini suna magana. Lindbergh ya gamsu. Ya je ya sami wani attajiri, Daniel Guggenheim, ya shawo kansa ya yi alkawarin dala 100,000 cikin shekara huɗu.

A 1930 Goddard ya kwashe kayansa a jirgin ƙasa, da matarsa da mataimaka huɗu, suka tafi Roswell a jihar New Mexico. Wuri ne fili fetal, mai ƙarancin mutane da ƙarancin ruwan sama, busasshiyar iskarsa kuma ta dace da mai ciwon ƙirji. Suka gina maƙera, suka kafa hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 60 a daji, kamar mil goma daga gari. Ran 30 ga Disamba na shekarar, roka mai tsawon ƙafa 11 ta hau ƙafa 2,000, tana gudun mil 500 a sa'a. Kowace roka suka ƙera, Nell su ke kiranta, sai ka ce 'yarsu.

Saura a koya mata tafiya sak. Yara masu wasan katantanwa sun san muddin tana juyawa da ƙarfi ba ta faɗuwa, tsaye ta ke. Goddard ya sa wata 'yar ƙafar ƙarfe mai juyawa haka a cikin roka. In roka ta fara karkata, ita ƙafar ba ta karkata, sai ta motsa wasu 'yan fikafikai da ke cikin hayaƙin baya, su mai da roka hanya. Ya fara gwada wannan cikin Afrilu, 1932. Wata biyu bayan haka kuɗi suka yanke, don tattalin arzikin Amurka ya karye, attajirai ma sun ji a jikinsu. Aka rufe maƙera, aka lulluɓe injuna, Goddard ya koma aji yana koyarwa.

Shekara biyu ya yi yana jira. A 1934 Harry Guggenheim, ɗan attajirin nan, ya sa aka ci gaba da ba da kuɗi, suka koma Roswell suka kakkaɓe ƙura. Daga nan rokoki suka yi ta girma. A 1935 wata ta yi gudun fiye da mil 700 a sa'a, wata ta hau ƙafa 7,500. Ran 26 ga Maris, 1937, wata ta hau tsakanin ƙafa 8,000 da 9,000, ita ce kuwa mafi nisa duk cikin nasa. Amma kada a zaci kullum nasara a ke yi. Sau da yawa famfo ya daskare, ko injin ya huje don zafi, ko laimar saukowa ta ƙi buɗewa, roka ta dawo ta ragargaje. Esther ce ke ɗinka laimomin, ita ce kuma ke taya su kashe wuta in ciyawa ta kama. Sai su bi daji a mota su tsince gutsattsarin, Goddard ya zauna ya duba kowane guntu har ya gano abin da ya ɓaci, a koma maƙera. Cikin 1938 aka aiko masa daga gida cewa guguwa ta tumɓuke itacen cerin nan. Ya rubuta wannan ma a littafinsa.

Rokokinsa na ƙarshe sun kai ƙafa 22, suna da famfuna masu juyawa da ke tura mai cikin inji. Sau biyu kawai suka tashi, a 1940 da 1941, ba wadda ta wuce ƙafa 300. Tun daga 1926 zuwa lokacin, rokokinsa da suka tashi sun ɗan haura 30.

A nan ya kamata a faɗi aibinsa. Goddard ya cika ɓoyo. A 1936 wani saurayi mai nazarin roka, Frank Malina, ya zo daga Kalifoniya don su haɗa kai. Goddard ya karɓe shi da mutunci, amma bai nuna masa cikin aikin ba. Aikin roka kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya da mataimaka biyar ko shida. Sa'ad da ya ke fama a dajin Roswell, gwamnatin Jamus ta tara dubban ma'aikata a ƙarƙashin Wernher von Braun, ta zuba musu kuɗi ba iyaka. Ita kuwa gwamnatin Amurka, da Goddard ya kai mata tayin aikinsa a 1940, ba ta ga amfaninsa ba. Daga baya sojan ruwa suka ɗauke shi, ya koma Annapolis a 1942, yana yi musu ƙananan rokoki masu taimakon jirgin sama mai nauyi ya tashi.

A 1944 Jamusawa suka fara jefa wa London rokarsu mai suna V-2. Tsawonta ƙafa 46, tana hawa fiye da mil 50, ta kashe dubban mutane, dubbai kuma na fursunonin da aka tilasta wa ƙera ta sun mutu a wurin aikin. A farkon 1945 aka kawo wadda aka kama, Goddard ya duba cikinta. Ya ga famfuna masu juyawa, da ƙafa mai tsai da tafiya, da fikafikai cikin hayaƙi, irin abubuwan da ya sha wuya a kansu, ga su a jikin abin kisa. Ya ɗauka satar dabarunsa aka yi. Masu binciken tarihi sun nuna yawancin aikin Jamusawan da kansu suka gano shi, hanya ce ɗaya ta kai su wuri ɗaya.

A lokacin muryarsa ta riga ta dushe. Ciwon daji ne ya kama maƙogwaronsa. Ya mutu ran 10 ga Agusta, 1945, a wani asibiti a Baltimore, yana da shekara 62, aka kai shi Worcester aka binne.

Esther ta zauna ta tattara littattafansa da zane-zanensa, ta yi shekaru tana shirya su. Takardun shaidar dabarunsa suka kai 214, daga ciki 131 bayan mutuwarsa aka bayar. A 1959 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta sa wa wata babbar cibiyarta sunansa, a 1960 kuma gwamnati ta biya dala miliyan ɗaya saboda amfani da dabarunsa da ta yi.

Yaran Amurka ma suka kama ƙera rokoki. Da fari wasu suka riƙa haɗa albarushi da kansu, da yawa suka ƙone, wasu suka rasa yatsu ko idanu. Sai wani mai sayar da takalma, Orville Carlisle, ya fito da 'yar roka ta kwali mai ɗan inji da aka riga aka haɗa, mai saukowa da laima. A 1957 shi da G. Harry Stine suka kafa ƙungiya mai dokokin tsaro, don yara su yi wasan a fili tare da manya, ba tare da sun taɓa albarushi ba.

Ran 16 ga Yuli, 1969, roka mai hawa uku, mai tsawon ƙafa 363, mai shan ruwan mai da ruwan oksijin, ta tashi daga Florida da mutum uku za su wata. Ɗaya daga cikinsu, Buzz Aldrin, ɗan wani tsohon ɗalibin Goddard ne, ya kuma tafi da wani ɗan ƙaramin littafi na tarihin malamin. Kashegari, suna kan hanya, jaridar New York Times ta buga 'yan layuka kaɗan. Ta tuna abin da ta rubuta shekara 49 da suka wuce, ta ce yanzu ya tabbata roka tana tafiya inda ba iska, ta kuma ce ta yi nadamar kuskurenta. Esther tana da rai a lokacin, tana zaune a Worcester.